Gwajin Jini Kafin Aure: Wa Ke Duba Masu Gwajin?

Ina goyon bayan dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Kano. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da jinin AS, ake kuma haihuwar jarirai kimanin 150,000 da amosanin jini duk shekara, mai hankali ba zai ja da wannan ba. Damuwata tana can cikin ɗakin gwaji. Takardar nan da waliyyi ke miƙa wa liman, ta wace hanya aka samo abin da ke rubuce a cikinta? Akwai gwaji mai araha: a ɗiga jini a kan gilashi, a hana shi iska, a leƙa ta madubin likita a ga ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan zai nuna akwai S, amma ba ya raba mai AS da mai SS. Sai an ratsa jinin da lantarki a kan takarda ta musamman, layuka su rarrabu, ƙwararre ya karanta. Nan ma, in sinadarin da ake gwajin da shi ya tsufa, layukan kan cuɗe. In kuwa an yi wa mai SS ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ana iya rubuta masa AS, a ɗaura aure a kan kuskure, yara su ɗanɗana kuɗarsa. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta fitar da sunayen ɗakunan gwajin da ta tantance, ta riƙa aika musu jinin da ta san nau'insa don a gane masu kuskure, ta kuma hana karɓar takardar da ba ta faɗi hanyar gwajin ba.