Raunin da ba ya cizo ba rauni ba ne

Maudu'inmu na wannan mako mun ɗauko shi ne daga wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974. Mutane ne ke zama, kowa ya ƙirƙiri tauraronsa, mutum ɗaya ya ja ragamar labarin, ƙwayar ludo ta yanke hukunci.

A wasu wasannin, kamar Shadowrun na 1989, idan ka ɗora wa tauraronka wani rauni, misali jikinsa ba ya karɓar wani abu, sai a ba ka maki ka ƙara masa ƙarfi ko basira. To sai masu wayo su zaɓi abin da tauraron ba zai taɓa haɗuwa da shi ba, su kwashe maki a banza. Shi ya sa dokar wasan take auna abu biyu: sau nawa zai gamu da abin, kuma yaya tsananin illarsa? Wanda azurfa ke sa wa ƙaiƙayi makinsa kaɗan ne. Wanda hasken rana ke kwantarwa makinsa ya fi yawa, don kullum yana biyan farashi.

Mu a ganinmu wannan ma'auni ya dace da alƙalaminmu. Littattafai nawa ne za a ce jaruma tana da asma a shafin farko don a tausaya mata, daga nan ciwon ya ɓace? Ta ratsa ƙurar hunturu, ta zauna cikin hayaƙin turaren wuta, ko tari babu. Makaranciyar da ke fama da asma nan take za ta gane an yi mata ƙarya.

Mu ɗauka gyaɗa ce ke tayar wa jaruminmu borin jini, kuma a Kano yake. Ga ƙuli-ƙuli a tsire, ga man gyaɗa a miya, ga kunun gyaɗa da azumi. Ranar da ya je gaida surukai aka ajiye masa kwano fa? Ya ci ya kwanta, ya ƙi a ce ya raina su. Labari ya samu ke nan.

Amma kada mu wuce gona da iri. Raunin da ke kayar da jarumi a kowane babi ya mayar da shi kaya, sai dai a yi ta ɗaukarsa. Gwara ya tashi sau biyu ko uku, a daidai inda zai tilasta masa zaɓi mai wuya.

Ku duba rubutun da ke hannunku: a wane shafi raunin tauraronku ya ci masa wani abu? Ku ajiye mana amsa a ƙasa.