ZAUREN 'YAN MATA: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

 

Yau zan ja ku ne zuwa wani lungu na gida wanda ba a cika son ambatonsa a gaban baƙi ba, wato banɗaki. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wannan yayi na sitika da ya shigo mana, wadda ake mannawa a jikin kwamin wanka da bangon banɗaki. Na tabbata da yawanku kun gan ta a waya, ko a Instagram ko a TikTok. Za ki ga banɗaki ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sai wata mata ta warware leda mai zanen dutsen marmara ko furanni, ta ɓare takardar bayanta, ta shafa, kafin ƙiftawa da bismilla wuri ya koma kamar na otal. Wallahi abin gwanin ban sha'awa, ni kaina ina son kyan abu, kuma ban ga laifin mace ta gyara muhallinta da ɗan abin da take da shi ba. Amma akwai magana a ciki, kuma gara ku ji ta tun kafin ranar jere.

Asalin abin daga ƙasashen Turawa yake. A Ingila kwamin wanka yawanci na roba ne mai kauri, tsawonsa kamar santimita 170, yana tsaye a kan ƙafafu, ƙarƙashinsa kuma duk bututun ruwa ne. Shi ya sa suke kafa masa wani allo a gefe ya rufe tarkacen, kuma allon cirewa ake yi duk ranar da mai gyaran famfo ya zo duba yoyo. Idan allon ya tsufa sai su manna masa sitika ya dawo sabo. To mu nan da abin ya iso, sai birkila ya jera bulo ya zagaye kwamin, ya shafe da siminti, ya toshe ruf, babu ko 'yar kafar da hannu zai shiga. Sitikar ta zo mana, dabarar barin ƙofa kuwa an baro ta a can.

Mu da muke Rijiyar Zaki mun ga yadda abubuwa suka juya a kan idonmu. Iyayenmu suna ba mu labarin lokacin da in ka bar Kabuga ka miƙi titin Gwarzo gonakin gero da dawa da gyaɗa ne hagu da dama, har ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Yanzu gonaki da yawa sun zama fuloti, fuloti sun zama gidajen haya, ciki da falo da banɗaki a cikin ɗaki. Yarinyar da ta tashi a gidan da makewayi yake can bayan gida, sararin sama ne rufinsa, rana tana busar da shi kullum, ita ce za a kai gidan da banɗaki yake manne da gadonta, tagarsa ba ta fi faifai ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata kulawar wannan daban take da ta wancan.

Sannan ga littattafan soyayya da finafinai, kullum tauraruwa tana kwance cikin kwami, kumfa har wuya. Ni marubuciya ce, bari in gaya muku sirrin, a kan takarda ba a biyan ɗan garuwa. Kwamin wanka kafin ya cika yana shan ruwa wajen lita 150, jarka kuwa lita 25 ce, kin ga jarka shida ke nan a wanka ɗaya, alhali bokiti guda ya ishe ki ki fito fes. Shi ya sa a gidaje da yawa kwamin ya koma wurin tara ruwa ko jiƙa wanki. Ruwa yana kwana a ciki, yana tsiyaya ta gefe, bulon da aka zagaye shi da shi yana sha a hankali.

Bari in ba ku labarin wata amarya da aka kawo layinmu, ba zan kama suna ba. Ana gobe ɗaurin aure 'yan jere suka zo, gwaggonninta da yayyenta, suka kafa gado, suka jera kwanuka da tangaran, suka shimfiɗa kafet, ɗaki ya yi kyau har ya gaji. Da suka leƙa banɗaki sai suka tarar gefen kwamin ya yi baƙi, fenti ya kumbura yana zubowa kamar gari. Wata tsohuwa a cikinsu ta shafa bangon ta ce, “Anya kuwa? Wannan bangon jiƙe yake, ku kira ango ya nemo mai gyara.” Sai babbar yayar amarya ta ce, “Haba Gwaggo, gobe fa dangin miji za su cika gidan nan, yaushe za mu tsaya jiran mai famfo? A kawo sitika kawai.” Aka aiki yaro kasuwa, kafin magariba banɗaki ya zama fari tas mai ratsin ruwan zinare. Duk wadda ta shiga ranar buɗar kai sai ta fito tana sa albarka.

Wata uku aka yi ana cin amarci lafiya. Da damina ta kankama a watan Agusta sai wani wari ya fara tashi, irin na tsumman da ya kwana a ruwa. Amarya ta wanke, ta zuba Izal, ta kunna turaren wuta safe da yamma, wari yana nan. Kyankyasai suka fara fitowa da daddare har kan gado. Ita kuma ga tari ya kama ta, dama tana da asma tun tana ƙarama. Maigida ya fara tsaki, daga tsaki sai magana: “Wai ke ba a koya miki tsafta a gidanku ba ne?” Ta ce, “Wallahi Yaya kullum sai na wanke sau biyu.” Bai yarda ba. Uwar miji ta zo ta shiga kama ruwa, ta fito tana toshe hanci da mayafi, ba ta ce komai ba, amma kafin sati labari ya zaga dangi cewa an auro musu ƙazama. Yarinyar nan sai da ta yi yaji.

Ranar da aka kira mai gyaran famfo ya kama bakin sitikar ya ja, abin da aka gani ba shi da daɗin faɗa. Funfuna baƙa ta lulluɓe bangon, ƙwayayen kyankyaso jere a ƙasa, bulo ya yi laushi har yatsa yana shiga. Ashe bututun da ke fitar da ruwan kwamin ne ya tsage tun kafin su shigo gidan. Mai gidan haya kuma ya kafe cewa shi lafiya ya ba da gidansa, su suka rufe ɓarna har ta yi yawa, don haka su za su biya. An dai yi biko ta dawo, amma kalmar nan ta ƙazama har yau ba ta gama fita daga bakin wasu dangin ba.

Abin da ya faru ba tsafi ba ne. Sitikar nan roba ce, ruwa ba ya ratsa ta, wannan shi ne amfaninta kuma shi ne haɗarinta. Tana hana ruwan waje taɓa bango, haka kuma tana hana danshin da ke cikin bango fita. Bangon siminti yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi in ya sami iska. In kin rufe shi alhali yana jiƙe, kin haɗa wa funfuna duk abin da take so: duhu, ɗumi da laima. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa zama a ɗaki mai danshi da funfuna yana tayar da asma da tari, musamman ga yara. In kuma yoyon daga bututun masai yake, abin ya wuce wari, domin ruwan yana iya bin ƙasa ya sadu da rijiyar gida. Masana suna so a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, fulotinmu na yanzu kuwa ina suka ga wannan fili? Kada mu manta a 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Kakanninmu ba su san sitika ba, amma sun san ruwa. Mata ne suke taruwa su yi daɓen ɗakin amarya, suna bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi. Magina kuma suna haɗa laso da katsin marina irin ta Ƙofar Mata da gashin jima da dafara, su shafe soro don kada ruwa ya ratsa. Sai sun gama da maganar ruwa tukuna ake zancen zane da jere. Wannan tsari nasu har gobe shi ne daidai.

To yanzu in kina son sitikarki, ga yadda za ki yi kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Da farko gwada bangon. Ki yanki farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ki manna ta da salatif ta kowane gefe, ki bar ta kwana biyu. In kin ɗaga kin ga raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, to bangon jiƙe yake, mai gyaran famfo yake nema. Ki sa a gyara, a bar shi ya bushe sosai. In za a sake zagaye kwamin da bulo, ki roƙi maigida ya sa birkila ya bar 'yar ƙofa ta wajen magudanar.

Na biyu, sitika tana son wuri mai sulɓi, kamar tayil ko roba ko filasta mai laushi da aka yi wa fentin mai. A kan siminti mai kaushi ko fenti mai zubar gari ba ta daɗewa. Ki wanke wurin da omo, ki ɗauraye, ki bar shi yini guda. Rani ya fi dacewa da wannan aiki, sai dai in lokacin hunturu ne ki sake goge ƙura dab da za ki manna.

Na uku, ki auna da tef ɗin tela, ki yanka da rarar santimita 2 ta kowane gefe. Kada ki ɓare takardar baya gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan za ki riƙa ja kina bi da tsumma daga tsakiya zuwa baki. Inda iska ta taru ki huda da allura ki danne. Ki datse rarar da reza, sannan a bi bakin sama da na ƙasa da silikon, domin ta nan ruwa yake sata ya shiga. Masu kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa sun san shi.

Na huɗu, kada ki manna ta a cikin kwamin ko a ƙasa inda ake takawa, santsi gare ta in ta haɗu da sabulu, kuma faɗuwar banɗaki ba ƙaramin abu ba ce, balle ga mai juna biyu. Kada ki ajiye risho ko tukunyar ruwan zafi a jikinta. Zafin watan Afrilu ma kaɗai, da yake kaiwa digiri 40 a Kano, yana sa gam ɗinta ya saki, don haka ki riƙa duba bakunan. Ki kuma karanta zanen da kyau, in akwai rubutun Larabci a jiki ki bar shi, banɗaki ba wurinsa ba ne.

Na biyar, wajen wanki tsumma da ruwan sabulu sun isa, soson ƙarfe yana kankare ta. Kuma don Allah kada ki kuskura ki haɗa ruwan bilic irin su Hypo da ruwan wanke masai mai asid wai don ya fi ƙarfi. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, ga banɗakin ba taga.

In gidan haya ne, a sanar da mai gida kafin a manna komai, a kuma ɗauki hoton bangon da waya yadda aka same shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saura ku ƙannena da ake shirin kai wa ɗaki. Na san yadda ake ji in ƙawa ta turo hoton nata gidan. Amma ki dubi Baba, wanda wataƙila sai da ya sayar da amfanin gonarsa na shekara, ko ya yanki wani ɓangare na gonar, kafin ya haɗa miki gado da kujeru. Kada ki ɗora masa kuka saboda banɗakinki bai yi kama da na waya ba. Abin da ya kamata ki roƙa a wurin Umma shi ne a tura wani babba ya duba gidan tun da sauran sati biyu ko uku, ya buɗe famfo, ya zuba ruwa a kwami ya ga inda yake bi, ya shafa bango. In da gyara, ango ya yi tun kafin a kawo ki, domin daga ranar da kika tare, duk warin da ya tashi a gidan nan sunanki za a kira. Kuma in tsohuwa ta ce “anya kuwa?” ranar jere, a daure a saurare ta.

Banɗaki mai siminti zalla, wanda ake wankewa kullum, ake buɗe tagarsa, ake tsane ruwansa da tsintsiya, ya fi mai marmarar leda da ke ɓoye ruɓa. In hali ya samu aka haɗa tsaftar da adon, to madalla.

A nan zan dakata. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu taɓo maganar labule da kafet, da yadda ake raba su da ƙurar hunturu.  Allah Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, Ya zaunar da amarenmu lafiya a ɗakunansu, amin.

Taku har kullum.