Aika Kuɗi Gida: Abin Da Ke Bayan Tambayoyin Da Ake Yi Maka

Duk wanda ya taɓa aiko kuɗi Maraɗi ko Damagaram daga Abidjan, Aljeriya ko Faransa ya san tambayoyin nan: Ina katinka? Wa za ka aika wa? Ina ka samo kuɗin? Wani lokaci ma a riƙe kuɗin kwanaki, iyali na jira. Sau da yawa ma'aikacin da ke gabanka ba shi ya yanke hukuncin ba, manhajar da ke cikin kwamfutarsa ce ta tsayar da aiken.

Tushen lamarin shi ne ƙungiyar GAFI da aka kafa a Paris a 1989, wadda ta shimfiɗa shawarwari 40 na yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. Duk da ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025, tana nan cikin UEMOA, don haka bankuna da kamfanonin aika kuɗi na ƙarƙashin dokokin BCEAO.

Doka ta tilasta wa kowane kamfani ya naɗa jami'in bin ƙa'ida, ya tantance abokan hulɗarsa, ya kuma adana bayanansu. Manhajar tana gwada sunanka da jerin waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wa takunkumi. Tana kuma lura da mai rarraba kuɗi masu yawa ƙanana-ƙanana don kada a gane. Idan jami'in ya ga abin zargi, sai ya kai rahoto hukumar CENTIF, kuma doka ta hana shi gaya maka. Shi ya sa ba ka samun bayani.

Matsalar ita ce sunayenmu. Mahamadu, Mamman da Muhammad duk suna ɗaya ne, kuma mutane da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa. Manhajar da ba a daidaita ta da wannan yanayi ba za ta riƙa tsayar da talaka mai aika jaka hamsin na abinci. In ya gaji, sai ya koma ba direban mota saƙo, inda babu mai ganin komai.

Sakaci ma yana da tsada. Burkina Faso ta shiga jerin ƙasashen da GAFI ke sa wa ido a 2021, Najeriya a 2023, kuma sai a Oktoban 2025 suka fita. Ƙasar da ke cikin jerin, bankunan waje kan tsananta bincike a kan kuɗinta, aike ya ƙara jinkiri da tsada.

Sayen manhaja kaɗai ba ya wadatarwa. Sai kamfanoni sun horar da ma'aikata, sun ajiye mutumin da zai duba kuɗin da aka riƙe cikin hanzari. Kai kuma mai aikawa, ka rubuta sunan mai karɓa daidai yadda yake a katinsa, kada kuma ka ara wa kowa katinka ya aika kuɗin da ba ka san asalinsu ba, domin sunanka ne zai shiga rahoton.