Sharhi: Koyar da Wasan Tanis ga Nakasassu a Kudenda da Kewaye

A shekarar 2021 Jihar Kaduna ta samu dokar kare haƙƙin nakasassu, bayan dokar tarayya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar tarayyar ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Filin wasa ma wurin jama'a ne. Don haka muke ganin lokaci ya yi da za mu duba yadda wannan haƙƙi zai isa ga yaran unguwanni irin Kudenda, musamman ta fuskar wasan tanis.

Tanis na cikin wasannin da suka fi sauƙin haɗa mai nakasa da wanda ba shi da ita. Wani Ba'amurke mai suna Brad Parks ne ya fara tanis na keken guragu a 1976, aka kuma fara ba da lambobin yabo a kansa a gasar nakasassu ta duniya a Basalona a 1992. Girman fili da tsayin raga duk ɗaya ne. Babban bambancin shi ne an yarda ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin mai keke ya mayar da ita. Ke nan ba a buƙatar gina sabon fili, kuma yaro mai keke zai iya karawa da ɗan'uwansa mai tafiya da ƙafa. Su ma makafi suna da nasu salon, wanda aka ƙirƙiro a Japan a 1984, da ƙwallo mai ƙara.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wasiu Yusuf da Alex Adewale sun wakilci ƙasar nan a tanis na keke a Landan a 2012. A nan Arewa kuwa, ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988 ta nuna cewa waɗanda shan inna ya nakasa ba su rasa ƙwazo ba, dama kawai suke nema.

To ina matsalar take? Na farko, nisa. Manyan wuraren wasanni, wato Filin Wasa na Ahmadu Bello da Dandalin Murtala, suna arewacin Kogin Kaduna, Kudenda kuwa tana kudu. Kuɗin mota kullum ya isa ya hana ɗan talaka zuwa atisaye. Na biyu, kayan aiki. Keken wasa daban yake da na yau da kullum: ƙafafunsa a karkace suke domin saurin juyawa, yana kuma da ƙaramar ƙafa a baya da ke hana kifewa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, mai horarwa. Dole ya san yadda ake koya wa yaro tura keke alhali abin buga ƙwallon na hannunsa, domin a wannan wasa sarrafa keke ke gaba da bugu.

A ganinmu, horar da masu horarwa ne ya kamata a fara da shi, domin shi ya fi araha, amfaninsa kuma ya fi daɗewa. Malaman motsa jiki na makarantun Kudenda da Nasarawa da Kakuri za su iya soma koyarwa a kowane shimfiɗaɗɗen daɓen siminti, da gajeriyar raga da ƙwallo mai laushi. Cibiyar gyaran nakasassu da ke Kakuri, wadda ba ta da nisa, wuri ne da ya dace a fara neman 'yan wasa. Haka zalika, masana'antun yankin na iya ɗaukar nauyin kekuna.

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye da kada su ɓoye 'ya'yansu a gida, mata da maza. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma yaron da aka koya wa tun yana ƙarami shi ne zai ɗaga tutar jiha gobe.