Laimar Kwaɗi Ba Duka Ce Guba Ba

Idan damina ta kankama a Miga, laimar kwaɗi kan ɓullo a jikin suri, da ruɓaɓɓen itace, da kashin shanu. Yara sukan tattake ta, domin an ce musu guba ce. A ganina wannan asara ce. Wadda ke fitowa a suri, masana na kiranta Termitomyces. Gara ce ke noma ta a cikin gidanta, kuma abinci ce a ƙasar Yarabawa. Sai dai akwai wata mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe dafinta. Malaman kimiyya, ku fita da ɗalibai cikin watan Agusta, su zana kowace iri, su tambayi tsofaffi sunayenta, a aika samfuri Jami'ar Tarayya ta Dutse. Kada dai kowa ya kai baki.