AIKIN HANNU: Ƙasa a Ƙarƙashin Ƙafar Soja

A wannan wata za mu duba wani ɗan aiki na masu wasa da ƙananan sojoji, watau manna yashi a kan gindin da kowane soja yake tsaye.

Wasan nan ya daɗe a Ingila. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya buga littafi mai suna Little Wars, inda ya tsara dokokin yaƙin wasa da sojojin dalma. Na yanzu yawanci na roba ne ko ƙarfe, da yawa tsayinsu wajen milimita 28 ne, kowanne a kan ɗan faifai. In an bar faifan sumul, sai ka ga soja kamar a kan kwabo yake tsaye. Yashi ne ke mai da shi ƙasa.

To, ga abin lura. Mutum ya fi sojan nan tsayi wajen sau 60. Ashe ƙwayar yashi mai milimita 2, a wurinsa dutse ce mai santimita 12! Saboda haka a wanke yashin, a shanya ya bushe sarai, a tankaɗe da tsohuwar rariya. Mai laushin shi ne ƙasa, tsakuwar da ta rage kuwa ita ce duwatsu.

Sa'an nan a samo farin gam na kafinta. A shafa shi a kan faifan da tsohon buroshi, a kiyaye ƙafafun sojan. A ɗora tsakuwa biyu ko uku, kada a wuce haka. A tsoma faifan cikin kwanon rairayi, a fitar, a kakkaɓe, a share gefen da ɗan yatsa, a bar shi ya kwana.

Nan ne masu garaje suke hasara, gama shafa ɗaya ba ta riƙe yashin da ke sama. Kashegari a dama gam da ruwa har ya yi kamar madara, a ɗiɗɗiga a kai, a sake barinsa ya kwana. Wannan ne ke hana zubewa. Bayan haka a shafa fenti ruwan ƙasa mai duhu. In ya bushe, a taɓa buroshi cikin fenti mai haske, a goge a tsumma har ya kusa bushewa, a bi kan yashin sama-sama. Nan da nan kowace ƙwaya za ta fito.

Iyaye, kada ku ba yara gam mai kamawa nan take, yakan manne yatsu. A kuma nisantar da ƙananan sojojin daga jarirai, don kada su haɗiye.

Wanda ba shi da soja, dokin yumɓu da yaro ya gina ya isa. A kafa shi a kan guntun katako. Aikin kwana biyu ne, yaron da ya iya jira kuwa ya koyi abin da ya fi wasan. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Sai wata mai zuwa.