Sanƙarau Daga Kunne: Allura Kaɗai Ba Ta Wadatarwa

Da zarar an ambaci sanƙarau a ƙasar Hausa, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne zafin bazara da annoba irin ta 1996, wadda ta hallaka dubban jama'a a arewacin Nijeriya. To, amma akwai wani sanƙarau da ba ya jiran bazara. Shi daga cikin kunne yake tasowa.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo mai iska, wanda ke haɗe da ƙashin nan da ake iya taɓawa a bayan kunne. Ƙashin cike yake da ƙananan ramuka tamkar saƙar zuma. Abin da ya raba kogon da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa kuwa, wani ɗan ƙashi ne siriri ƙwarai. Idan kunne ya daɗe yana zubar da mugunya, musamman in fata ta dunƙule a ciki tana cin ƙashi sannu a hankali, sai ƙwayoyin cuta su sami kafar haurawa. Daga nan sai zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya.

Babu musu, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ita ce matakin farko, kuma ba a jinkirta ta. Sai dai ba ta ratsa ruɓaɓɓen ƙashi sosai, ba ta kuma narkar da dunƙulen fatar nan. Maras lafiya na iya farfaɗowa, a sallame shi, cutar ta sake komowa. Saboda haka likitan kunne kan tsaga bayan kunnen, ya kankare ramukan da suka ruɓe, ya fitar da mugunya, ya toshe kafar. Aikin ba sabo ba ne. Tun 1873 wani likitan Jamus, Hermann Schwartze, ya bayyana yadda ake yin sa, a zamanin da guduma da ƙarfen sassaƙa ne kayan aiki. Yau da madubin ƙara girma da ɗan injin huda ƙashi ake yi.

Iyayen da ke gudun a kai wuƙa kusa da kan ɗansu suna da hanzari, domin jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta bi, kuma jin da ya riga ya lalace ba lalle ya dawo ba. Amma ƙin tiyatar barin ƙofa ne a buɗe. Ɗalibin da ke zama a bayan aji da auduga a kunne, abokansa na gudun warinsa, likitan kunne ya kamata malaminsa ya sa a kai shi ya gani tun wuyansa bai sanƙare ba. Man ja ko ruwan ganyen da ake ɗiga masa a gida ba ya isa inda ruɓar take.